Yarinya, Lissafi da Jiragen Yaƙin Hitila

Na san wata za ta ga kan wannan magana ta ce, "Af, yau kuma Malama ta bar girki da renon yara ta koma jirgin yaƙi? Ina ruwan biri da gada?" To, ki yi haƙuri ki bi ni a hankali, gama a tsakar gidan wata mace 'yar'uwarki maganar ta faro.

A ajin da na ke koyarwa akwai wata yarinya 'yar shekara 13, ba zan faɗi sunanta ba. In na rubuta lissafi a allo, kafin in kaɗe alli daga hannuna ta gama. Da zangon karatu ya yi nisa sai na ga ta fara fashi, musamman ran Litinin, watau kashegarin kasuwarmu ta Lahadi, wani mako ma har Talata. Na tafi gidansu da la'asar. Na tarad da uwarta tana tankaɗe, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa. Da na kawo maganar sai ta ce, "Malama, ɗiyar nan ta iya ƙirga canji, ba mai cutarta, ko da naira ko da sefa. In ta ƙare aji shida ai ya isa. Wannan dogon lissafi naku, mace mi za ta yi da shi?"

Na yi 'yan kame-kame, amma ni kaina na san ban ba ta amsa ba. Shekara uku na yi a kwalejin horon malamai, an koya mini tsara darasi da riƙon rajista, ba a koya mini abin da zan gaya wa uwa mai magana da zuciya ɗaya ba. Na koma gida abin yana cina.

Ina da wata ɗabi'a tun ina ɗaliba a Sakkwato. In na wuce masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, sai na tsaya na juya su. A nan na fara cin karo da littattafan da matuƙan jiragen yaƙi suka rubuta a kan rayuwarsu cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945. Jirgin da na ke nufi shi ne ɗan ƙaramin nan mai farfela ɗaya da matuƙi ɗaya, wanda aikinsa shi ne tare manyan jiragen da ke zuwa jefa bom. Na Ingila guda biyu ne suka yi suna, Hurricane da Spitfire. Ƙawayena suna yi mini dariya, wai ina karatun maza. A daren nan da na dawo daga gidan su ɗalibata, waɗannan littattafai na ɗauko.

Na farko da ya shigo hannuna shi ne Going Solo, na Roald Dahl, wanda ya fito a 1986. 'Yan makaranta wataƙila sun san sunan, gama shi ne mai rubuta labaran yara. Yana aikin kamfanin mai a Tanganyika, wadda yau ta ke cikin Tanzaniya, yaƙi ya tashi, ya tafi Nairobi koyon tuƙin jirgi. Su 16 suka fara tare, in ji shi, cikin shekara biyu 13 sun mutu. Mutum ne dogo ƙwarai, ƙafa 6 da inci 6, mazaunin jirgi kuwa ba a auna shi da irinsa ba. A watan Afrilu 1941 aka ba shi Hurricane a Masar aka ce ya ƙetare teku da shi zuwa ƙasar Girka, alhali awa bakwai kaɗai ya taɓa yi a irin jirgin. Ya yi fiye da awa huɗu a dunƙule, da ya sauka sai da aka ciro shi kamar buhu, ƙafafu sun sandare. Karatun farko na yi dariya. Karatu na biyu na ce, ashe tela ne ya ɗinka riga bai auna mai sawa ba.

To, tsaya in tambaye ki. Jirgin da aka ƙera a Ingila, ta ina ya isa Masar? Ta Kano da yawansu suka bi, ki ji da kyau. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai Bahar Rum ya zama da haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Kewayowa ta ƙasan Afirka kuwa makonni da yawa ya ke ci. Sai aka yi dabara. A kwance jirgi a zuba shi cikin akwatin katako, a kawo shi ta ruwa Takoradi, a ƙasar Gwalkwas wadda yau ta ke Ghana, a harhaɗa shi a can, sa'an nan ya tashi da kansa: Ikko, Kano, Maiduguri, Farlomi wadda yau a ke kira Injamena, El Geneina, El Fasher, Hartum, kana ya bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan mil 4,000 ce, kwana shida. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, Hurricane shida, da wani jirgi mai inji biyu mai suna Blenheim a gaba yana yi musu madugu, gama ƙananan ba su da mai duba taswira. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kano dai ba baƙuwar jirgi ba ce, tun Nuwamba 1925 na farko suka sauka a can, amma ba ta taɓa ganin irin wannan zirga-zirga ba.

Hanyar ta koya wa masu ƙira darasi. Injin da aka tsara domin damshin Ingila, ƙurar ƙasashenmu ta shiga cinsa, sai aka ɗaura wa jirgi wata babbar matatar iska a ƙarƙashin hanci, kamar maƙoƙo. Ta rage masa gudu kaɗan, amma ta tsawaita ran inji. Aka rataya masa ƙarin tankuna a ƙarƙashin fukafukai domin nisan zango. Duk wadda ta taɓa shanya wanki da hunturu ta san abin da ƙura ke iya yi.

Mu mutanen Illela akwai namu a ciki. A shekarun nan, wannan iyaka da mu ke ƙetarawa zuwa Ƙwanni kamar shiga maƙwabta, iyakar yaƙi ce. Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, watau Faransawan da suka yi sulhu da Jamus, har Nuwamba 1942, mu kuwa muna ƙarƙashin Ingila. Aka tsananta tsaro, fatauci ya yi wuya, dangi suka yi nisa da juna. Wadda ta ga yadda kasuwa ta kwanta sa'ad da aka rufe iyaka a 2019, da kuma a 2023, ba sai an yi mata dogon bayani ba. Cadi ita ce ta fita daban. Gwamnanta, Félix Éboué, baƙar fata ne, a watan Agusta 1940 ya ce shi yana bayan Janar de Gaulle. Da bai yi haka ba, da jiragen nan ba su sami sararin wucewa daga Barno zuwa Sudan ba.

Har kuɗinmu ya shiga. An yi ta tara gudummawar yaƙi a lardunan Nijeriya, an yanka cewa fam 5,000 shi ne kuɗin Spitfire ɗaya, a kan rubuta sunan masu bayarwa a jikinsa. Wani rukunin jiragen Ingila, mai lamba 91, wanda aka kafa a Janairu 1941, sunan Nijeriya aka sa masa. Ɗaya daga cikin jiragensa yana ɗauke da sunan Lardin Oyo, shugaban rukunin, Bobby Oxspring, shi ya tuƙa shi a 1942, daga baya kuma ya rubuta littafinsa Spitfire Command. Kakata ta kan ce uwarta ta ba ta labarin shekarun da a ke karɓar kuɗin yaƙi, ba ta kuwa ce kowa da son ransa ya bayar ba. Kwabo da sule na masu gyaɗa da masu auduga ne suka tashi sama a bakin tekun Ingila, masu su ba su taɓa ganin abin da aka saya ba.

Littafi na biyu ba na dariya ba ne. Sunansa The Last Enemy, na Richard Hillary, ya fito a 1942 yaƙi na tsaka. Saurayi ne ɗan jami'a, kyakkyawa, mai ji da kansa, shi da bakinsa ya faɗa. Ran 3 ga Satumba 1940 aka harbo Spitfire ɗinsa a kan teku. An sa wa jirgin sabon murfin gilashi, irin wanda matuƙi ke turawa baya ya fita, ya ƙi zamewa sosai, suka yi ta goga suna sa mai, ba su gama ba aka ce a tashi. Da wuta ta kama, ya ja murfi, murfi ya cije. Kafin ya faɗo da laima fuska da hannuwa sun ƙone. Ya yi awoyi cikin ruwa kafin a tsamo shi. Wani likita mai suna Archibald McIndoe ya yi ta yi masa aiki, har fatar ido sai da aka yanko daga hannunsa aka ɗinka masa. Ya matsa sai an mai da shi tuƙi, aka mai da shi, ya faɗi da jirgi a Janairu 1943, yana da shekara 23. Na girme shi yanzu. Wannan ya tsaya mini a rai.

Me ya sa wuta ta same shi a fuska? Gama tankin mai yana gabansa, tsakaninsa da inji. Galan 85, watau wajen lita 386. Ki ƙiyasta jarka 15 irin mai lita 25 ɗin nan da ki ke gani a bayan babur a hanyar Ƙwanni, a jere su a gaban gwiwar mutum, sa'an nan a ce ya tafi inda a ke harbi. Kada ki ce masu ƙirar ba su da hankali. Mai ƙera Spitfire, R. J. Mitchell, gudu ya ke nema, gudu kuwa sai da fiffike mara kauri, fiffike mara kauri kuma ba shi da wurin tanki, gama bindigogi da ƙafafun jirgi sun riga sun cika shi. Har wa yau akwai maganar rinjaye. Mai nauyi ne da ke raguwa cikin tafiya. In aka sa shi can baya, jirgi zai tashi da nauyi a wutsiya ya dawo da nauyi a hanci. Dole a ajiye shi kusa da tsakiya, yadda mai jaki ke daidaita mangala don kada ta zame. Tsakiyar kuwa nan ne gaban matuƙi. Aka sami jirgi mai gudun mil 360 a awa, aka kuma sami ɗakunan asibiti cike da samari marasa fuska. Mitchell bai ga ko ɗaya ba. Jirginsa ya fara tashi ran 5 ga Maris 1936, shi kuwa ciwon daji ya kashe shi a 1937, yana da shekara 42. An ƙera Spitfire fiye da 20,000 bayansa.

Daga baya an yi gyara. Aka lulluɓe tankuna da wani irin roba mai toshe huda da kansa, aka yi wa murfi dabarar da za a iya cillar da shi gaba ɗaya, aka maƙala ɗan ƙarfen ɓamɓara a ƙofar mazauni. Kowane gyara sai da wani ya biya da jikinsa tukuna.

Bari in ɗan ratse, tun da maganar mai da wuta a ke yi. Gidaje nawa ne a garin nan a ke ajiye jarkokin fetur a zaure ko a ɗakin da ba shi da nisa da murhu? Maigida ya ajiye ya fita, ke da yara a ka bari da su. Don Allah ki yi magana a matsar da su. In kuma tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin kamar minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a tafi asibiti. Kada a shafa man ja, ko man goge baki, ko ƙwai.

Hurricane kuwa ƙirar Sydney Camm ce, ya fara tashi a Nuwamba 1935. Ba shi da kyan Spitfire, ba shi da gudunsa. Ƙashinsa bututun ƙarfe ne, a kewaye da katako, rabin jikinsa na baya kuma yadi ne. I, yadi, na lilin, a ɗinke a kan katakon a shafe shi da wani fenti mai sa shi ya ɗame kamar fatar kalangu. Mata da yawa sun yi wannan ɗinki a masana'antu. Harsashi ya kan huda yadin ya fita ta ɗaya gefen, a yi faci da yamma jirgi ya tashi da safe. A faɗan sararin Ingila na 1940, shi ya fi Spitfire yawa, ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire aka yi wa kirari. Ni dai Hurricane ya fi kwanta mini. Ya yi kama da matar gidan da a ke ci da guminta a yabi amarya.

Abin da na lura da shi cikin littattafan nan ke nan. Marubuci yana cewa na juya, na harba, na tsira, gaskiya ne kuwa, shi ne a ciki. Amma duk inda rai ya zo ga maƙogwaro, sai ki ga abin da ya yanke hukunci wani abu ne da aka auna a kan tebur shekaru kafin ranar: faɗin mazauni, wurin tanki, layin da murfi ke bi. 'Yan makaranta kuma ku riƙa karanta su da lura, gama mai gudun mil 300 a awa ba ya ƙirga daidai. Ran 15 ga Satumba 1940 Ingila ta sanar ta harbo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi aka duba takardun Jamus aka ga kusan 60 ne. Ba ƙarya suka shirya ba, mutum uku ne za su harbi jirgi ɗaya kowa ya ce nasa ne.

Su wa ke zaune a teburan nan? Nan ne na tashi zaune a kan gado.

Injin jiragen biyu, mai suna Merlin, yana da wani aibi. Kafireta gare shi, danginsa ɗaya da na babur, mai ɗan kwano da abin da ke yawo a kan mai. In matuƙi ya dunƙufar da hanci ƙasa farat ɗaya, mai sai ya yi sama, kamar yadda hanjinki ke yi in mota ta faɗa gangare da gudu. Inji ya rasa mai, nan take kuma mai ya kwararo ya shaƙe shi, ya yi tari ya ɗauke. Jirgin Jamus mai suna Messerschmitt 109 ba shi da wannan ciwo, famfo ne ke tura masa mai, saboda haka in an biyo shi sai ya nutsa ƙasa ya tsere. Matuƙan Ingila suka koyi kifar da jirgi tukuna kafin su bi shi, kafin nan kuwa ya yi nisa. Wadda ta kawo sauƙi mace ce, Beatrice Shilling, 'yar mahauci, ta yi karatun injiniya a Jami'ar Manchester, tana kuma tseren babur. Ta auna iyakar man da inji ke bukata in yana cikin ƙarfinsa duka, ta yanka ɗan ƙarfe mai huda daidai wannan awo, kamar aninin nan na zamanin kakanni, ta sa a bututun mai. Man da ya wuce kima ba shi da hanyar shiga, inji ya daina shaƙewa. A 1941 ta bi sansani sansani da 'yan ma'aikatanta suna sawa, kafin a ƙera sabon kafireta. Hudar ba ta da wuyar yi, kowane maƙeri zai iya. Sanin girmanta shi ne aikin.

Ta biyun ita ce ta sa na rubuto muku. A 1934 Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila tana shirin sababbin jiragen yaƙi, ana tunanin bindiga huɗu ta isa kowanne. Wani ma'aikacinta, Kyaftin Fred Hill, yana ganin ba ta isa ba, gama jirage suna ƙara gudu, matuƙi ba zai sami fiye da sakan biyu yana saitin abokin gaba ba. Amma manya ba sa karɓar "ina gani", sai da hujja. Ya kwaso takardun gwajin harbi da injin lissafi irin na juyawa da hannu ya kawo gida. Wa zai taya shi? 'Yarsa Hazel, shekararta 13. Suka yi dare da yawa a teburin ɗakin girkinsu a London, tana juya inji tana rubutawa, har suka fitar da zane mai nuna cewa sai bindiga takwas, kowace tana fitar da harsashi 1,000 a minti, kafin a kayar da jirgin bom cikin sakan biyu. A watan Yuli 1934 ya kai lissafin gaban taro. Wani hafsa mai suna Ralph Sorley ya tsaya a kan maganar, aka sauya tsari, Hurricane da Spitfire duka suka fito da bindiga takwas. Hazel ta girma ta zama likita, ta rasu a 2010. Sai a 2020, da BBC ta yi shiri a kanta, duniya ta san sunanta. Hillary ya danna maɓallin bindigogin nan takwas, ya rubuta littafinsa, ya mutu, bai san da ita ba.

Ran Laraba na shiga aji na rubuta a allo: bindiga ɗaya tana fitar da 1,000 a minti, nawa huɗu za su fitar a sakan biyu, nawa takwas? Ɗalibata ta ɗaga hannu, ta ce 133 da 266, da ɗan ragowa. Na ƙara musu na biyu: kowace bindigar Spitfire harsashi 300 a ke ɗura mata, ita kuwa wadda aka sa a ƙarshe tana fitar da wajen 1,200 a minti, sakan nawa za ta yi kafin ta ƙare? Ta ce 15. Ajin ya yi tsit. Wata ta ce, "Malama, duk wannan ƙaton jirgi na sakan 15 ne?" Na ce haka ne, ya tashi, ya yi tafiyar awa guda, abin da ya ke da shi ke nan. Sa'an nan na ba su labarin Hazel. Wata ta tambaya ko mata sun tuƙa. Na ce sun tuƙa, mata 168 a Ingila aikinsu ɗauko sababbin jirage daga masana'anta zuwa sansani, a 1943 aka daidaita albashinsu da na maza. A nan gida ma, a Oktoba 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi a sojan saman Nijeriya.

Ba zan ɓoye miki ba, da na share allon nan raina bai yi mini daɗi ba. A wannan yanki namu bindiga ba labarin littafi ba ce. A ajin nan akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. In jirgin soja ya ratsa sama, yara su kan fita kallo da ihu, iyaye mata kuwa su yi shiru su ƙirga 'ya'yansu. Ga ni na sa 'ya'yan mutane ƙirga harsashi. Lissafin Hazel ya taimaka an tsare garinsu, gaskiya ne, amma waɗanda harsashi 266 ɗin nan suka samu su ma samari ne masu uwaye. Na kwana ina juya abin. Inda na tsaya shi ne, ba zan sake ba su lissafin bindiga ba, sau ɗaya ya isa. Amma ban yi nadamar ɗayan nan ba, gama tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin sun gane cewa lamba tana da nauyi a duniya ba sai ran nan. Mako na gaba da mangala da buhunan albasa na koya musu rinjaye, da awon maganin yaro gwargwadon nauyinsa na koya musu kaso. Wannan na biyun ma rai ne a ciki, kuma a hannun mace ya ke kullum.

Ran Juma'a da yamma na koma gidan, da littafin aikin yarinyar a jakata. Muka gaisa, na ce, "Inna, ran nan kin yi mini tambaya na kasa amsawa, yau na zo da abin da na samu." Na ba ta labarin mutumin da ya kawo aikin ofis gida, da 'yarsa, da teburin girki. Ban ce 'yarta za ta ƙera jirgi ba, gama ban sani ba, kuma ba ta son a yi mata daɗin baki. Na ce kawai uban yarinyar nan ya san abin da ke cikin gidansa, shi ya sa ya kira ta. Na buɗe littafin na nuna mata jan biro, shafi bayan shafi. Ba ta karatun boko, amma ta san alamar daidai.

Ta daɗe tana juya shafukan. Can ta ce, "Sakan 15? Ko tukunya ban sauke ba." Muka yi dariya. Sa'an nan ta ce, "Malama, ni ba ni ƙin karatu. Tallar nan da ita mu ke cefanen Litinin. Kuma maganar gaba da aji shida ba tawa ba ce ni kaɗai, sai babanta ya dawo daga Ƙwanni." Na ce na ji. Muka shirya cewa ran Lahadi yarinya za ta yi kasuwarta, ran Litinin in ta makara ba zan rubuta ta fashi ba muddin ta iso kafin tara, abin da ta rasa kuma in biya mata bayan an tashi. Shugabar makaranta ta yarda da haka.

Litinin uku ke nan ba ta yi fashi ba. Fam ɗin jarrabawar shiga sakandare yana cikin jakata, na cika komai sai wurin sa hannun uba. An ce zai dawo kafin kasuwa mai zuwa, na kuwa roƙi maigidanmu ya raka ni mu same shi a zaure.